Bayan aikin zuciya, sauran aikin yana gida

A watan Oktoba na 1958, a asibitin Karolinska da ke Sitokholm a ƙasar Suwidin, aka fara dasa wa ɗan Adam na'urar daidaita bugun zuciya a cikin jiki. Majinyacin, Arne Larsson, mai shekara 43, yana yawan suma saboda zuciyarsa na tsaitsayawa. Matarsa Else-Marie ce ta hana likita Ake Senning da injiniya Rune Elmqvist sakat, tana yi musu sintiri har suka yarda su gwada na'urar da ba su gama tantancewa ba. Ta farko sa'o'i kaɗan ta yi ta lalace, aka sa wata. Larsson ya rayu har 2001, bayan an sauya masa na'ura fiye da ashirin, kuma likitan da injiniyan duk sun riga shi rasuwa.

A nan gida kuwa, mutumin Daura da zuciyarsa ke tsalle ko take jan ƙafa yakan fara da babban asibitin garin, daga nan a tura shi Katsina ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Wani sai Abuja ko Legas, mai hali har Masar ko Indiya. Ko dai a dasa masa abin da jama'a ke kira batirin zuciya a ƙasan ƙashin wuya, ko a zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi a ƙone ɗan gurbin da ke rikita bugun. Kwana kaɗan an sallame shi. Daga nan likitan zuciya yana can nesa, wanda ke kusa shi ne mata ko miji.

Shi ya sa bai kamata a bar abokin zama a baranda ba ranar sallama. A al'ada, wa ko ƙani ne ke shiga wurin likita, alhali matar da za ta kwana da majinyacin tana gida tana jiran labari. Ita ce za ta lura ya jefa wayar salula a aljihun gaban riga, daidai kan na'urar, bayan an ce a nisanta ta da kamar santimita 15, a riƙa amsa kira da ɗaya kunnen. Ita za ta tuna masa cewa har makonni huɗu zuwa shida hannun ɓangaren da aka dasa na'urar ba ya wuce kafaɗa, ba ya ɗaukar buhu, ba ya jan guga, don kada wayar na'urar da ke cikin zuciya ta goce. Manomi a Baure ko Sandamu da damina ta faɗo masa, ba takardar asibiti ce za ta hana shi riƙe garma ba.

Idan mace ce aka yi wa aikin, nan ake gane namiji. Sau da yawa sai a ce ta tafi gida jinya, miji ya riƙa leƙawa da ledar lemu. Wadda ta zauna a ɗakinta kuwa, kafin ɗinki ya kame ta koma ga turmi, surfe, wanki da goyo, saboda kunya ba za ta bari ta ce ba ta iyawa ba. Miji ne ke da bakin da zai sauke mata girki, ya yi wa abokiyar zamanta da iyayensa bayani, ya kuma raka ta asibiti da kansa.

Sai 'yan dubiya. Zumunci ne, lada ne, amma ɗaki cike da baƙi tun hantsi har isha yana gajiyar da mai lafiya ma. Kuma kowa da maganinsa: wannan saiwa, wancan jiƙo. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin su wafarin, haɗa shi da sassaƙe na iya jawo zubar jini, daina shi kuma na iya kawo shanyewar ɓarin jiki. Dole wani ya karɓi ƙullin ya yi godiya, ya ajiye sai an tambayi likita. Haka batun azumi da na kwanciyar aure: tambayoyi ne da ma'aurata za su yi tare, a bar nauyin baki.

Bayan aikin ƙonawa, zuciya kan ci gaba da ɗan tsalle har wata uku, ba lallai aikin ne ya ɓaci ba. Amma zazzaɓi, kumburi ko ruwa a wurin ɗinki, suma, sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, waɗannan ba a jira gari ya waye. Katin na'urar ya kasance a jikin majinyaci kullum, mai sana'ar walda kuma ya nemi izinin likita kafin ya koma aiki.

Batirin yana yin shekaru, amma sai ana zuwa dubawa, kuma kuɗin mota daga Mai'aduwa ko Zango zuwa Kano ba wasa ba ne. Dangin da suka yi karo-karo don aiki su ware na waɗannan tafiye-tafiye. Likitoci kuma su daina sallamar mai aure shi kaɗai: a kira abokin zamansa, a yi musu bayani da Hausa, a ba su lambar da za su kira cikin dare.