Daga Bakin Shago: Allurar da ke Kwance Cikin Bola

 Wannan makon na so mu taɓa zancen canjin kuɗi ne, to amma wani abu ya faru a gidana wanda ya ture wancan gefe.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ina shago aka kira ni, wai allura ta soki jikana. Yaro ne ɗan shekara 7. Suna ƙwallo a bayan layinmu nan Aboabo, ƙwallo ta faɗa bola, ya bi ta. Allurar sirinji ta huda silifa ta shige masa tafin ƙafa. Uwarsa tana shirin matse wurin ta ɗaure da tsumma, ni kuma Allah ya ba ni dabarar kiran ɗiyar ƙanwata, wadda ta karanci tsaftar muhalli, aikinta kuma zagaya asibitoci tana ba su shawara kan yadda za su yi da shararsu.

Ta ce, "Kawu, kada a matse, kada a tsotse. A wanke da ruwa da sabulu, ku tafi asibiti yanzu-yanzu, ku riƙe katin rigakafinsa." Na ce ba za a bari sai da safe ba? Ta ce a'a. Idan likita ya ga akwai buƙatar maganin kariya daga ƙanjamau, to cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa. Muka tafi. Aka duba katin, aka ga ya samu rigakafin ciwon hanta, wanda Gana ta sa cikin alluran jarirai tun 2002. Aka ɗibi jini, aka ba mu ranakun komawa gwaji. Yaro ya warke, ya koma ƙwallonsa. Mu manya kuwa har yau akwai gwaji ɗaya da muke jira, kuma wallahi jiran nan ba daɗi.

Da ta zo duba shi, sai na zaunar da ita, na ce ke wai mene ne ainihin aikin nan naki? Don ni dai da can ɗauka nake masu ba da shawara mutane ne da ake biya su rubuta takardar da ba mai karantawa. Ta yi dariya, ta ce ita da sikeli take shiga asibiti, kamar mai sayen goro. Tana auna sharar kowane ɗaki na kwanaki. Tana buɗe bokitai ta ga ko an bi launi: baƙi na shara irin ta gida, rawaya na abin da jini ko ruwan jiki ya taɓa, ruwan ƙasa na magunguna da sinadarai. Allura da reza kuma suna da akwatinsu daban wanda tsini ba ya hudawa, ana rufe shi idan ya kai kashi 3 cikin 4, ba a jira ya cika. Daga nan ta bi sharar har inda take kwana, da wanda ke ɗaukarta, da inda take ƙarewa. Sai ta koyar da masu shara da nas-nas, ta rubuta wa mai asibiti abin da zai gyara.

Ga lissafin da ya tsaya mini a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da wani haɗari, takardu ne da ragowar abinci da kwalaye. Kashi 15 ɗin ne masifa. To amma da zarar an haɗa su a buhu ɗaya, duka sun zama masu haɗari. Wake ɗaya ke ɓata gari. Hukumar ta ce ana yin allura kusan biliyan 16 a duniya kowace shekara. Idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki wani, yiwuwar kamuwa ta kai kashi 30 cikin 100 ga ciwon hanta nau'in B, kashi 1.8 ga nau'in C, kashi 0.3 ga ƙanjamau. Kun ga wanda muka fi tsoro shi ne mafi ƙanƙanta a lissafi, wanda muka raina kuma shi ne babba. Ƙwayar ciwon hanta B tana iya yin kwana 7 da rai a busasshen jini.

Na ce to ai sai a cinna wa komai wuta a huta. Ta ce nan ma da sauran magana. Robar ƙarin ruwa da ledar jini idan suka ci ƙaramar wuta, hayaƙinsu na fitar da gubar da ake kira dayokzin, ta sauka a ƙasa da ciyawa, ta dawo mana ta ƙwai da nama da nono. Injin ƙona shara na gaskiya sai zafinsa ya kai digiri 850 zuwa 1,100, abin da ramin bayan asibiti da galan ɗin kananzir ba za su taɓa kaiwa ba. Shi ya sa yanzu ake komawa ga tukunyar tururi, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta a digiri 121, sannan a niƙe sharar a binne.

Ni kuwa zuciya na ta tafasa. Na ce gobe sai na je na tsige wani mai kemis da ke kusa da mu, don na tabbata yaron da ke kwashe masa shara a aboboya nan yake juyewa. Sai yarinyar nan ta sunkuyar da kai, ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri da tambayata. Allurar sugarka da kake yi safe da yamma, ina kake zubawa?" Jama'a, na rasa bakin magana. Shekara 6 ina jefa su cikin kwandon sharar gida. Allura 2 a rana, ku lissafa da kanku. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani. Mai yiwuwa allurar da ta soki jikana daga ɗakina ta fito.

Mu 'yan kasuwa muna da hannu a wannan harka fiye da yadda muke zato. Wa ke sayen tsofaffin kwalabe a zuba zoɓo da maganin gargajiya? Wa ke yankan farce da aski a bakin tasha, ya yar da reza nan take? Wa ke gwangwan? A 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu suka ɗauko wani ƙarfe daga tsohon asibitin da aka bari, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. Ashe ɓangaren injin gashin ciwon daji ne. Garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi-shuɗi, aka yi ta nuna wa dangi ana sha'awa. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, sama da 200 kuma gubar ta taɓa su. Don haka ɗan uwa mai gwangwan, ƙarfe mai nauyi da ya fito daga asibiti, ko mai alamar fuka-fukai 3 kamar fanka, kada ka sa masa guduma komai arharsa.

Abin da na koma yi a gidana ba shi da tsada. Na samu jarka mai kauri mai murfi, na rubuta a jikinta, na ɗora inda yara ba sa kaiwa. Allura na gama aiki sai cikinta, ba na ƙoƙarin mayar mata da hula. Kafin ta cika na rufe na kai asibitin da nake karɓar magani. Maganin da ya lalace a mayar wa masu magani, kada a zuba a kwata. Ma'aunin zafin jiki na gilashi idan ya fashe, zaibar da ke ciki guba ce, kada a share ta da tsintsiya, kada yara su yi wasa da ita. Sirinji kuma ba abin wasan fesa ruwa ba ne, ko da an cire tsinin. Mu manya da aka haifa kafin a fara rigakafin ciwon hanta, mu je a gwada mu, wanda ba ya da shi a yi masa.

Mai kemis ɗin ma na je wurinsa, amma da jarka a hannu, ba da faɗa ba. Ya ce kuɗin masu kwashe sharar asibiti ne ya yi masa yawa. Na ce to mu kai maganar gaban sarkin zango da limamai, a haɗa masu kemis da wanzaman unguwa su yi karo-karo, mota ɗaya ta riƙa zagayowa. An sa ranar zama bayan Juma'a mai zuwa, abin da aka yanke kuma za ku ji shi a nan.

Ku sa jikana a addu'a. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.