Laifin Wa Ne In Ɗalibi Ya Kasa Gano Bakin Zare?

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin darasin adabi a azuzuwanmu, kuma lokaci ya yi da za mu kira ta da sunanta: hadda ba fahimta. Babu inda wannan cuta ta fi fitowa fili kamar wajen koyar da wasan kwaikwayon nan na Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a Ife a 1968, aka buga shi a 1971. Rotimi ya gina wasan ne a kan Oedipus Rex na Sofokilis, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), inda aka yi wa jariri duba cewa zai kashe ubansa, ya auri uwarsa.

Tambayi ɗalibi jigon wasan, kafin ka rufe baki ya ce, "Ƙaddara ta riga fata." Haka aka yi masa shifta, haka zai amayar a zauren jarrabawa. To, in ƙaddara ce kaɗai, don me marubucin ya wanke alloli daga laifi tun a sunan littafin? Wannan tambaya ɗaya ta isa ta rushe shiftar, amma ba mu bari a yi ta.

Abin takaicin shi ne, wasan kansa bincike ne. Annoba ta auka wa Kutuje, Sarki Odewale ya rantse sai ya gano wanda ya kashe Sarki Adetusa. Makahon boka, Baba Fakunle, ya nuna shi, shi kuwa ya ɗauka makirci ne Aderopo da sarakunan gari suke ƙulla masa don shi baƙo ne. Daga nan shaidu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, har Alaka da Gbonka suka kwance ƙullin. Marubucin ya shimfiɗa sawu don mai karatu ya bi, mu kuwa muka ɗauko ɗalibi a kafaɗa muka dire shi a ƙarshen hanya.

Ga misalin abin da muke hana shi ganowa. Odewale ya kashe dattijon nan ne a Ede, a rikicin gona, bayan ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a. Sai malami ya tambaya: wace ƙabila yake karewa? Ta Ijekun Yemoja, inda aka rene shi. Ina asalinsa? Kutuje. Wane ne dattijon? Mahaifinsa. Ashe ya zubar da jininsa ne don kare asalin da ba nasa ba. Sai a ƙara tambaya: me ke faruwa a Nijeriya a 1968? Yaƙin basasa, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970. Ɗalibin da ya haɗa waɗannan amsoshi da kansa ya gano cewa zafin zuciya da ƙabilanci wasan yake tuhuma, kuma ba zai manta ba, domin guminsa ne.

Wasu za su ce lokaci ba ya isa, aji ya cika, jarrabawa ta ƙarato. Mun ji. Amma tambayoyin nan ba su kai shifta shafi guda cin lokaci ba. Wasu kuma za su ce ina ruwan ɗan Musulmi da tatsuniyar gumakan Girkawa ko na Yarabawa? Amsarmu ita ce, ba a ce ya yi imani da Ogun ba, an ce ya koyi ciro hukunci daga hujja. Malamanmu na fiƙihu istinbaɗi suke kiran wannan aiki, kuma ba su taɓa ɗaukarsa wasan yara ba. Mu da muke karatun Hausa nesa da gida, a tsakiyar wasu ƙabilu, mun fi kowa sanin zafin a yi wa harshen mutum dariya, saboda haka mun fi kowa bukatar darasin Ede.

Kiranmu ga malamai shi ne su rage ba da amsa, su yawaita tambayar, "Mece ce hujjarka, kuma a wace fitowa?" Ɗalibai kuma mu daina jiran a tauna a ba mu. Wanda bai iya bin sawu a littafi ba, gobe jita-jita za ta ja shi ta hanci a gari. In haka ta faru, kada mu ɗora wa ƙaddara laifi; namu ne.