Lemon "Dayet": An Gudu Ba A Tsira Ba

Duk wanda ya leƙa kantunan da ke bakin ɗakunan kwananmu da yamma, ko ya zauna a ɗakin karatu a makon jarrabawa, lalle zai ga wata al'ada da ta kafu a tsakaninmu. Da yawa daga cikinmu, maza da mata, mun ɗaura ɗamarar rage ƙiba, makamin da muka fara ɗauka kuwa shi ne lemon kwalba wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu sukari, watau wanda muke kira "dayet" ko "ziro". Da fari kwalba ɗaya ce bayan abincin rana. Kafin zangon karatu ya ƙare sai ta zama uku: ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar, ɗaya kuma a gefen littafi da tsakar dare. Muka rabu da sukarin lemo, amma ba mu rabu da kwalba ba. Tumbin da aka fito yaƙi dominsa kuwa yana nan daram, sai ka ce ba da shi ake ba.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, lemon nan gada ne, an yi shi domin a taka a haye, amma mu sai muka shimfiɗa tabarma a kansa muka zauna. Wanda yake son ƙibarsa ta ragu da gaske, tilas wata rana ya ajiye shi, kamar yadda ya ajiye ɗan'uwansa mai sukari.

Ya kamata mu fara sanin asalin abin da muke ɗura wa cikinmu. Zaƙin da ba na sukari ba tsohon abu ne. Tun a shekarar 1879 aka gano sakarin a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, shi ne kuma wanda wasu masu sayar da koko da zoɓo suke jefawa a tukunya idan sukari ya yi tsada. A shekarar 1965 wani masanin haɗa magunguna mai suna James Schlatter ya gano sinadarin asfatam, wanda zaƙinsa ya ninka na sukari kamar sau 200, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta yarda a sa shi cikin lemon kwalba a 1983. Su kuwa lemukan, Tab ya fito a 1963, Diet Coke a 1982, Coca-Cola Zero a 2005. An ƙirƙiro su ne domin kasuwar mutanen da ƙiba ta fara damu, waɗanda kuma ba sa son rabuwa da ɗanɗanon da suka saba. Da ciwon ya iso gare mu, sai kwalbar ta biyo shi.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata, saboda haka ba za mu tauye wa lemon nan haƙƙinsa ba. Gwangwani ɗaya na lemon kola mai sukari, mai cin mililita 355 kamar yadda ake sayarwa a Amurka, yana ɗauke da sukari giram 39, watau kusan ƙwaya goma ta sukarin shayi, da kalori 140. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ke nan ga baligi, in kuma an tsaya a giram 25 ya fi. Ashe ke nan gwangwani guda ya kusa cinye rabon yini gaba ɗaya. Wanda yake shan irin wannan sau uku a rana, ya koma wa maras sukari, ko shakka babu ya sauke wa jikinsa kaya mai nauyi. Wannan ita ce gadar da muka ambata, ba mu kuwa ce kada a taka ta ba.

To, amma ina labarin wanda ya shekara biyu a kan gadar? A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari domin rage ƙiba. Bayan ta tattara binciken da aka yi, ta ga cewa ɗan ragin nauyin da ake samu a gwaji na gajeren lokaci bai nuna wata riba mai ɗorewa ba wajen rage kitsen jiki. Ta kuma lura da cewa a cikin mutanen da aka bi sawunsu shekara da shekaru, masu yawan amfani da sinadaran sun fi kamuwa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Hukumar da kanta ta ce shawarar mai sharaɗi ce, domin mai yiwuwa waɗanda dama suke cikin haɗarin waɗannan cututtuka su ne suka fi rungumar lemon, ta kuma keɓe masu ciwon sukari daga cikin shawarar. Amma jigon maganarta a fili yake: a rage wa abinci zaƙi baki ɗaya, tun daga ƙuruciya.

Me ya sa kwalbar da babu kalori a cikinta ta kasa rage mana teɓa? Dalili na farko yana cikin kawunanmu, shi ne lissafin dokin rano. Ɗayanmu zai sha "ziro" da rana, sai ya ji a ransa ya yi ajiya a banki, da dare ya je wurin mai shayi ya cire ajiyar har da riba: indomi biyu da ƙwai uku, ga burodi, ga mai yana ninƙaya a faranti. Alhali kuwa babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori wajen 120. Watau abin da aka tsira da shi a gwangwani guda, cokali ɗaya da ɗan ɗori na mai ya mayar da shi. Mun sha ganin faranti cike da soyayyen dankali da awara da tsire, a gefe kuma ga kwalbar "dayet" tana tsaye kamar mai gadi, wai ita ce za ta wanke laifin sauran. Wannan shi ne a fake da guzuma a harbi karsana, sai dai karsanar a nan jikinmu ne.

Dalili na biyu yana kan harshe. Harshe ɗan sabo ne, sabo kuwa turken wawa. Wanda yake yi masa wanka da zaƙi sau uku a rana, ko zaƙin na rake ne ko na sinadari, ba zai ji daɗin gwanda ko goba ko kunun da ba a cika wa sukari ba, ruwan sanyi ma sai ya ji shi salam. Duk wanda ya taɓa rage ƙwayoyin sukari a shayinsa daga biyar zuwa biyu ya san abin da ke biyo baya: kwanakin farko shayin kamar magani, bayan 'yan makonni kuwa idan aka miƙa masa irin na da sai ya ji ya gundure shi. Lemon "dayet" yana hana harshe wannan horon. Yana riƙe da kwaɗayin a raye, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Dalili na uku shi ne wanda yake mayar da sha'awa ta zama jaraba, watau sinadarin kafeyin, wanda yake cikin shayi da gahawa da goro. Sunan "kola" ma daga goro aka samo shi. A Amurka gwangwanin Diet Coke mai mililita 355 yana da kafeyin miligiram 46, alhali na mai sukarin miligiram 34 ne. Wanda jikinsa ya saba da kafeyin, idan ya yanke farat ɗaya, ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan taso masa bayan sa'a 12 zuwa 24, su tsananta a rana ta biyu, su kuma ɗauki kwana biyu zuwa tara kafin su lafa. Mun san wannan a gidajenmu, domin mun ga yadda dattijo mai cin goro yake wayar gari ran da ya rasa shi, mun kuma san ciwon kan kwanakin farko na azumi a wurin ma'abota shayi. Saboda haka ɗalibin da ya ce ba ya iya karatun dare sai da kwalba a gefensa, ba ƙarya yake yi ba. Amma ya sani kafeyin ɗin da ya sha da ƙarfe goma sha ɗaya shi ne yake hana shi barci da ƙarfe biyu, ƙarancin barci kuwa yana buɗe ciki, ya sa mutum ya wuni yana neman abin taunawa.

Daɗin daɗawa, akwai haƙora da aljihu. Cire sukari bai cire tsamin da ke cikin lemon ba, asid ɗin nan kuwa a hankali yake zaizaye farin rufin haƙori, wanda idan ya tafi ba ya tsirowa. Ga kuma lissafi mai sauƙi: kwalba uku a rana ita ce kwalba 90 a wata, fiye da 1,000 a shekara. Kowa ya ninka wannan da farashin kantin da yake saye, sa'an nan ya tuna da wace wahala iyayenmu suke haɗa kuɗin da suke aiko mana.

Ba ma so kuma mu shiga sahun masu tsoratarwa da abin da bai kai ba. A watan Yuli na 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta sa asfatam a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" suke jawo ciwon daji, rukunin da ake sa abu a cikinsa idan hujjar ba ta da ƙarfi. A lokaci guda kwamitin ƙwararru na hukumar ya bar iyakar da aka amince da ita yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, ya kuma kwatanta cewa mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 a rana kafin ya ƙetare ta. Don haka wanda ya bar "dayet" saboda jita-jitar waya, ya koma wa mai sukari, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Haka nan wanda ya musanya shi da zoɓo ko kunun aya ko fura da aka antaya wa sukari, yana cewa ai namu ne na gargajiya, bai tsira ba, domin hanta ba ta tambayar sukari daga wace ƙasa ya fito. Wanda kuma likita ya tabbatar masa da ciwon sukari, maganar likitansa ita ce gaba da tamu.

To, yaya za a rabu da kwalbar? Sannu ba ta hana zuwa. Mai shan uku ya koma biyu har mako guda, sa'an nan ɗaya, sa'an nan sai ranar Juma'a ko wurin biki, ta haka kafeyin zai janye ba tare da ya kayar da shi a tsakiyar jarrabawa ba. Kwalbar dare ita ya kamata ta fara tafiya. Kada a sayi katan a ajiye ƙarƙashin gado, domin abin da hannu yake kaiwa gare shi ba a gardama da shi da ƙarfe ɗaya na dare. A cike gurbin da gorar ruwa a jaka, a matsa lemon tsami ko a jefa yankan kokwamba ga mai so, ko a dafa zoɓo da citta da kanumfari ba tare da sukari ba, ko shayi da ƙwaya ɗaya tak. Ga masu azumi, watan Ramalana dama ce babba, tun da yini ya riga ya horar da jiki, abin da ya rage kawai kada a buɗe baki da kwalba. Abokan ɗaki su yi alkawari tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya zame rana ɗaya kuma kada ya ce tulu ya fashe, ya tashi gobe ya ci gaba.

Sa'an nan a fuskanci inda ƙibar take da gaske: girman malmala, yawan mai, cin dare, da zama wuri ɗaya daga aji zuwa gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a a kwana biyar. Tafiya da sauri daga ɗakin kwana zuwa tsangaya, maimakon hawa acaɓa, ta biya rabin wannan bashi.

Daga ƙarshe muna da magana da shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemukan zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022, amma haraji ba ya kashe ƙishirwa. Da yawanmu muna sayen lemo ne domin shi ne abu mai sanyi da ya fi kusa da hannu. Muna kira ga ƙungiya ta tsaya kai da fata wajen ganin an samar da tsabtataccen ruwan sha a ɗakunan karatu da na kwana, ta nemi masu kantuna su riƙa ajiye zoɓo da kunu marasa sukari, ta kuma nemi a ware wa 'yan'uwanmu mata lokacinsu a filin wasa. Ranar zaɓe, mu tambayi masu neman ƙuri'unmu inda suka tsaya a kan waɗannan.

Mu ne gobe za mu tsaya a gaban aji da asibiti da kotu muna ba jama'a shawara. Abin kunya ne a ce ɗalibin da ya iya warware lissafi mai wuya a allo, rubutu ɗaya a jikin kwalba ya sha gabansa. Mu karanta abin da muke sha kamar yadda muke karanta takardar jarrabawa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya kuma ba mu ikon mallakar harsunanmu.