Robo mai ɗaukar magani: ya bi layi ko ya nemi hanya da kansa?

Yawancin ƙwayoyin da muke saye a farmasi daga waje suke zuwa: Indiya, Sin, Turai. A wasu manyan masana'antun can, keke marar direba, wato robo, shi ke kai duro da kwali daga ɗaki zuwa ɗaki. To ta ƙaƙa yake gane hanya, tunda GPS ba ya aiki sosai cikin gini?

Tsohuwar dabara, tun shekarun 1950 a Amurka, waya ce ake binnewa a daɓe, robo ya bi ta. Daga baya aka kawo zaren maganaɗisu da ake mannawa a ƙasa, da tambari mai kama da QR, irin wanda robon Kiva ke karantawa, kamfanin da Amazon ya saya a 2012. Wasu kuma lazer suke harbawa kan ƴan madubai da aka kafa a bango, su lissafa inda suke. Sabon yayi shi ne SLAM: robo ya zagaya da lazer ko kamera, ya zana taswirar ginin da kansa, in ya tarar da abu a gaba ya kewaye.

Kowace da matsalarta. Ɗakin haɗa magani kullum cikin wanki da sinadari yake. Abin da aka manna a ƙasa yana ɓarewa, gefensa yana tara datti. Lazer kuwa, gilashi da ƙarfe mai ƙyalli suna ruɗa shi, ga su ko'ina a irin wannan wuri.

Mu dai a ganinmu, a bar robo ya yi amfani da taswira, amma a ɗaure shi. A shata mishi inda zai bi da ƙofar da ba zai ƙetare ba, ya tantance lambar kowane duro kafin ya ɗauka, kwamfuta ta rubuta kowace tafiya. In a ɗakin ajiyar takalma aka yi ɓatan kai, asarar kuɗi ce kawai. Amma duron hoda ya shiga ɗakin da ba nasa ba, yaro a Maraɗi ko Tawa na iya shan abin da likita bai rubuta mishi ba.

Shi ya sa muke cewa masu shigo mana da magani su riƙa tambayar takardun bin sawun kowane rukuni, kar su tsaya ga araha kaɗai. Allah Ya ƙara mana lafiya.