Littafin da na ƙwace daga hannun ɗana

 Yau ba zancen kuɗin haya ko takardun zama ko tsadar tikitin zuwa gida na zo da shi ba. Asirin kaina zan tona. Ni da furfurata, na yi wata biyu ina karanta littattafan yara a cikin bas, har na taɓa wuce tashar da zan sauka, kuma ban yi nadama ba.

Abin ya faro ne a hunturun bara, a nan Ingila inda muke zaune. Wani dare da ba ni da aiki, na leƙa ɗakin yara wajen ƙarfe 11 sai na hangi haske a ƙarƙashin bargo. Na ce to, yau na kama mai satar waya. Ina yaye bargon sai na ga babban ɗana, ɗan shekara 11, riƙe da tocila da littafi. Yaron nan kafin ya karanta shafi biyu sai an kai ruwa rana, shi ya sa da farko daɗi ya kama ni. Na tambaye shi labarin mene ne. Ya amsa da Hausarsa mai ɗingishi cewa labarin wani yaro ne da ubansa ubangijin teku ne.

Na ce a'uzu billahi, na karɓe littafin na fita.

Uwargida ba ta ce min na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Cewa ta yi, "Baban yara, shekara nawa muka yi muna roƙon yaron nan ya riƙe littafi? Ka karanta tukuna, in ya so sai ka yanke hukunci." Washegari na jefa shi a jakar aiki da niyyar in duba shafi goma in samo hujja. Da ƙarfe ukun dare, lokacin hutuna, na buɗe. Shayina ya huce ban sani ba.

Sunan littafin The Lightning Thief, wato ɓarawon tsawa. Wani Ba'amurke ne mai suna Rick Riordan ya rubuta shi, ya fito a 2005, kuma shi ne na farko cikin jerin littattafai biyar na Percy Jackson da aka kammala a 2009. Percy yaro ne ɗan shekara 12 a birnin New York, wanda makarantu suke ta kora. Haruffa suna rikice masa a ido in zai yi karatu, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Bai taɓa sanin ubansa ba. Kwatsam sai ya gano cewa gumakan da Girkawan dā suke bauta wa, irin su Zeus da Athena da Ares, a cikin labarin suna nan da rai, sun yi ƙaura zuwa Amurka, kuma Poseidon mai mulkin teku shi ne ubansa. An sace makamin tsawar Zeus, an ɗora wa Percy laifin, sai ya ɗauki hanya shi da abokansa biyu, Annabeth da Grover, daga gabashin Amurka har yammacinta don ya wanke kansa.

Marubucin malamin makaranta ne da ya yi shekaru yana koyar da yara masu irin waɗannan shekarun. Ɗansa yana fama da matsalar karatu da rashin natsuwa irin ta Percy, kuma yana son tatsuniyoyin Girkawa. Uban ya yi ta ba shi su da dare har suka ƙare, yaron ya ce to ya ƙirƙiro sabo. Daga nan aka samu Percy. A cikin littafin, abin da makaranta take kira nakasa shi ne alamar jarumta: haruffan Turanci suna rikice wa Percy ne don an gina ƙwaƙwalwarsa a kan tsohon rubutun Girkanci, rashin zamansa wuri ɗaya kuma shi ke tsirar da shi a fagen fama. Duk uban da malama ta taɓa kira makaranta a kan ɗansa ba ya natsuwa zai gane dalilin da ya sa yara suke rungumar wannan littafi.

Ni abin da ya fara kama ni shi ne dariya. Marubucin bai bar tsofaffin labaran a Girka ta shekaru dubbai ba, ya kwaso su ya zuba a titin da yara suka sani. Dutsen Olympus, fadar gumakan, yana hawa na 600 a saman dogon benen nan na Empire State. Medusa, matar da gashinta macizai ne, wadda duk wanda ya kalli idonta yake zama dutse, ta buɗe shagon sayar da mutum-mutumin ado a bakin hanya, kuma ba sai an gaya maka inda take samo hajarta ba. Ƙofar ƙasar matattu tana Los Angeles, mai fiton matattun yana ƙorafin ba a ƙara masa albashi ba, ga dogayen layuka kamar na jami'an shige da fice a filin jirgi. A Las Vegas kuwa yaran sun shiga wani otal mai cike da wasanni kyauta, suna ganin awa kaɗan suka yi, ashe kwana biyar sun wuce. Asalin wannan yana cikin Odyssey ta Homer, inda matuƙan jirgi suka ci wani tsiro suka manta da gida. Da na karanta wurin sai na ɗaga kai na dubi mutanen cikin bas, kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Daɗin da na ji tsohon daɗi ne da na sani. Shi ne wanda na ji ina ɗan firamare a gida, ranar da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi suka fara shiga hannuna: jarumi ya bar gida, ya haɗu da abin tsoro, ya tsira da wayo ko da ƙarfi, ka ce bari in ƙara babi ɗaya in kwanta. Rabona da jin haka har na manta.

To, ina batun gumakan? Ban raina damuwar ba, don ni ma ita ta sa na ƙwace littafin. Da na mayar masa, sai na zaunar da shi na ce, "Ka san duk wannan ƙarya ce ko?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa yana jiƙa. Ya ce, "Abba, Gizon da kake ba mu labari, da gaske yana magana?" Na yi shiru. Mu da muke rufe tatsuniya da cewa ba don Gizo ba da mun yi ƙarya, ai mun daɗe da sanin bambancin abin da ake ji don nishaɗi da abin da ake imani da shi. Ban da haka, yaran da ke firamare a Ingila ana koya musu tarihin tsohuwar Girka a aji, ko mun so ko mun ƙi za su ji waɗannan sunaye. Gara su ji su ina kusa. Kuma duk wanda ya karanta zai ga yadda gumakan suke: masu kishi, masu ƙarya, masu gaba da 'yan'uwansu, masu haihuwa su watsar. Na tambaye shi ko mai irin wannan hali ya cancanci a bauta masa, ya yi dariya. A daren mun yi hirar tauhidi da ta fi duk wadda muka taɓa yi tsawo, kuma shi ne ya fi yin magana. Ban ce kowane gida sai ya bi hanyata ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da nake roƙo kawai, a karanta kafin a hana.

Amma abin da ya sa na rubuta wannan shafi bai zo ba sai da muka kai littafi na biyar. A lokacin mun koma karatu tare, shi yana gaba ina biye, yana yi min barazanar zai faɗa min ƙarshen labari. A sansanin da ake tara 'ya'yan gumakan, kowane ɗaya daga cikin manyan gumakan Olympus yana da ɗakinsa. Yaron da ubansa bai fito ya ce nawa ne ba, sai a cusa shi a ɗakin Hermes, inda ake kwana a cunkushe har a ƙasa. Wasu sukan yi shekaru a nan suna jira. Luke, wanda ya ci amanar sansanin ya koma wa abokan gaba, ba don son mulki kaɗai ya yi ba, haushin ubansa da ya yi watsi da shi ne yake cin sa. A ƙarshe, da aka yi nasara aka yi wa Percy tayin ya zama marar mutuwa, sai ya ƙi. Ya ce ladan da yake so shi ne gumakan su yi rantsuwa za su riƙa amsa 'ya'yansu kafin su wuce shekara 13.

Na tambayi ɗana wane wuri ya fi so a duk littattafan, ina zaton zai ce wurin yaƙi. Ya ce wurin da Percy ya fara ganin ubansa ido da ido. Na ce don me? Ya ce, "Shi ma babansa kullum yana aiki." Bai faɗa da fushi ba. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin yanayin gari, ya ci gaba da cin abincinsa.

'Yan'uwa mazauna waje, kun san yadda rayuwarmu take. Muna fita suna barci, muna dawowa suna shirin makaranta. Muna aika kuɗi gida, muna biyan haya, muna ce wa kanmu ai don su muke yi, kuma gaskiya ne. Gumakan cikin littafin ma suna da uzurinsu, dokoki ne suka hana su, ayyuka ne suka yi musu yawa. Yaron da ke kwance a ƙasa a ɗakin Hermes bai damu da uzuri ba. Sannan 'ya'yanmu sun san zaman mai gida biyu: a makaranta ana karya sunansu, in mun je hutu gida ana ce musu Turawa. Labarin yaron da rabinsa na nan rabinsa na can ba baƙo ba ne a wurinsu. Ban bar aikin dare ba, don ba ni da hali. Amma daren Asabar yanzu nasa ne, ko waya ba na ɗauka.

Ga wanda yake son gwadawa, shawarata ita ce ya fara da biyar ɗin farko, sun dace da ɗan shekara 9 zuwa sama. Jerin da ya biyo baya, The Heroes of Olympus, wanda ya fito daga 2010 zuwa 2014, yaran sun girma a cikinsa, akwai soyayya, har da yaron da zuciyarsa ta karkata ga namiji ɗan'uwansa. Wannan iyaye su riga 'ya'yansu karantawa, su san abin da za su ce. Akwai fina-finai biyu na 2010 da 2013, da shiri mai dogon zango da Disney+ ta fara a ƙarshen 2023, amma kada a bari kallo ya riga karatu. Littattafan kuma ba sai an saya ba, katin laburaren unguwa kyauta ne.

Yanzu muna kan Tristan Strong Punches a Hole in the Sky na Kwame Mbalia, wanda ya fito a 2019. A ciki akwai Anansi, gizo-gizon tatsuniyoyin Akan na Ghana, wanda masu karatunmu na zangon Kumasi da Accra suka sani sarai. Ɗana yana ganin sa ya ce, "Abba, ai wannan Gizo ne!" Sai ya tambaye ni me ya sa babu littafin da Gizo da Ƙoƙi suka zo Ingila. Na ce ban sani ba. Ya ce to in ƙirƙiro. Makon jiya Gizo ya shiga jirgin ƙasa ba tikiti, kuma har yanzu ban san yadda zan fitar da shi ba. Mai dabara ya aiko min kafin Asabar.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.