Wa Zai Ɗauki Nauyin Binciken Ɗalibin Kimiyya?

Da zarar zangon karatu na biyu ya zo ƙarshe, ɗaliban shekarar ƙarshe na sassan kimiyya a jami'o'in Nijeriya sukan shiga kai-da-komo, domin ba a ba ɗalibi digiri sai ya gudanar da bincike da hannunsa, ya rubuta kundi, sa'an nan ya tsaya gaban malamansa da mai jarrabawa daga wata jami'a ya kare abin da ya gano. Manufar tana da kyau ƙwarai. Abin dubawa shi ne wanda ake ɗora wa nauyin aikin.

Mu ɗauki ɗalibin da aka ba aikin gwada ruwan rijiyoyin wata unguwa. Zai ɗebo ruwan a kwalabe masu tsabta, ya zuba a kan sinadarin da ƙwayoyin cuta ke tsira a kai, ya sa a na'urar ɗumamawa a ma'aunin zafi 37 har tsawon yini da kwana. In wuta ta ɗauke da tsakar dare, to, sakamakon ya zama abin shakka, sai a sake daga farko. A sassa da dama ɗalibin ne ke sayen sinadarin, shi da abokansa kuma su haɗa kuɗin man janareta.

Galibin sinadaran nan daga ƙasashen waje ake shigo da su. A watan Yuni na 2023 aka saki darajar Naira, dalar da ake canzawa a kan kusan Naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. An janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin farko daga kusan Naira 68 zuwa 225 kowane awo. Duk waɗannan a kan teburin gwaji suka sauka.

Ga kuma matsalar lokaci. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya sa aka riƙa matse zangunan karatu domin cike giɓi. Ɗalibin da bincikensa ya dogara ga shukar damina ba ya iya roƙon hadari ya jira jadawalin makaranta.

Sakamakon haka bai ɓoyu ba. Masu hali sukan kai samfurinsu ɗakin gwaji na kuɗi, su karɓo lissafi a takarda ba tare da sun taɓa na'urar ba. Waɗansu kuwa tsohon kundi suke saya a shagunan buga takardu na bakin ƙofar makaranta, a sauya sunan gari da shekara. Wannan ha'inci ne, babu shakka, amma wanda ya aiki yaro kasuwa hannu rabbana bai kamata ya yi mamakin abin da ya dawo da shi ba.

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya fi mai da hankali ga gine-gine da ƙaro ilmin malamai da bincikensu. Lamunin ɗalibai na NELFUND da aka soma a 2024 kuwa kuɗin makaranta yake biya, da Naira 20,000 na ɗawainiya a wata. Binciken ɗalibi ya faɗa tsakani, babu mai shi.

A ganinmu, ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ware wani kaso ƙayyadadde bisa yawan ɗaliban shekarar ƙarshe, a ba kowane sashe a matsayin sinadarai da kayan aiki, shugaban sashen kuma ya ba da bayanin yadda aka yi da su. Har ila yau, kundin da ya nuna cewa rijiyar unguwa kaza ta gurɓace, a aika da kwafinsa ga sashen lafiya na ƙaramar hukumar, maimakon a jibge shi a ɗakin ajiya gara ta cinye.