Mai Ruɗin Zato Majinyaci Ne, Ba Abokin Gardama Ba



'Yan'uwana matasa, akwai larurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya sakankance cewa ana farautarsa: maƙwabta na leƙen asirinsa, ana zuba masa guba a abinci, ana sauraren wayarsa. Dangi kan rabu biyu, masu ƙaryata shi da masu cewa sammu ne. A ganina duka biyun suna ƙara masa ciwo. Wanda ya yi gardama da shi ya shiga jerin maƙiyansa, wanda ya gaskata shi kuwa ya ƙara wa tsoronsa ƙarfi.

Akwai hanya ta uku, wato jinya ta gyaran tunani. Likitan Amurka Aaron Beck ya rubuta yadda ya jarraba irinta a kan wani majinyaci tun 1952. Mai jinyar ba ya musu. Zama yake da majinyacin suna auna hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, suna neman wata fassara ga abin da ya gani, sannan su gwada ta a aikace.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne alaƙar wannan ciwo da raina kai. A 1995 masana biyu a Ingila, Trower da Chadwick, sun bambance mai ganin zaluntarsa ake yi da mai ganin shi mugu ne, don haka ya cancanci a cutar da shi. Wanda yake ɗaukar kansa ba kowa ba yana saurin yarda cewa an raina shi kuma za a far masa. Shi ya sa shirin Daniel Freeman na Jami'ar Oxford ya haɗa da dawo wa mutum darajar kansa, da gyaran barci, da rage zullumi. A gwajin da aka wallafa a 2021, kimanin rabin waɗanda suka bi shirin sun rabu da ruɗinsu.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin tunkarar waswasi da tunani mai lafiya.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana da irin wannan majinyaci a gida, ka kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, domin sau da yawa ana haɗa wannan jinya da magani. Addu'a ba ta hana neman magani. Ka daina kiransa mahaukaci, ka ba shi aikin da ya iya, ka yaba masa in ya yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wallahu a'alam.